Ƙarshen da Na Yi wa Mai Haƙar Rijiya

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kankia, kuma duk ɗalibar da ta ratsa ajina ta san ba na ga-maciji da masu shirya fim. In suka ɗauki littafi sai sun yi masa kaca-kaca. Su cire abin da marubuci ya sha wuya a kansa, su cusa waƙa a gindin mangwaro, su ɗauko yarinyar da ko a mafarki ba ta cikin labarin su ba ta rabin fim. Na sha tsayawa gaban allo ina kumfar baki a kan wannan har a kaɗa ƙararrawa ban sani ba. Saboda haka ranar da wata abokiyar aikina ta shigo ɗakin malamai ta ce an mai da littafin mai haƙar rijiya fim, kowa ya juyo yana dariya, ana jiran in fara. Ni kuwa na zauna riƙe da jan biro har aka tashi ban duba takarda ko ɗaya ba.

Littafin tsoho ne. Waɗanda suka koyar da mu sun karanta shi a aji, mu ma mun karanta, yanzu muna koyar da shi. Labarin wani saurayi ne mai sana'ar haƙar rijiya, wanda fari ya kore shi daga garinsu, ya bi ƙauyuka da jakinsa da igiyarsa yana haƙa wa mutane ruwa, uwarsa tana gida tana jira. A babin ƙarshe rijiya ta rufta da shi a wani ƙauyen da ba wanda ya san sunan garinsu. Mutanen ƙauyen suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka gaji, suka cike ramin suka yi masa addu'a a bakinsa. Uwar ba ta taɓa ji ba. Haka marubucin ya rufe littafinsa, kuma a aji nakan ce wannan ƙarshen shi ne ya sa littafin ya zama littafi.

Amma a gidanmu na Ƙofa, can ƙasar Kusada, ba haka labarin ya ƙare ba, kuma ni ce sanadi.

Mu uku Inna ta haifa waɗanda suka rayu: Yaya, sai ni, sai ƙanenmu da ke zaune da ita shi da matarsa. Bayan rasuwar Baba da shekara biyu Yaya ya bi wasu abokansa haƙar zinare wajen Zamfara. Da farko yakan kira duk Juma'a. Daga baya sai wata-wata. Wata rana aka kira lambar aka ji a kashe, kuma haka take har yau. Ƙanena ya je nema sau biyu. Wani ya ce ya gan shi ya yi gaba, wani ya ce rami ya rufta da wasu a wani daji amma bai san ko su wane ne ba. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda zai dafa Alƙur'ani ya ce ga abin da ya faru.

Yaya ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar zamanin da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". In yana wuri ba ta sakin fuska, in ya yi ciwo kakarmu ce ke jinya, ita tana daga nesa tana daka kamar ba abin da ya dame ta. Da ya ɓace ma kunyar ba ta sake ta ba. Mata na zuwa jaje, ita ce ke canza magana ta koma kan tsadar taki. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta taɓa tambayar ƙanena me ya samo a tafiyarsa ba. Ramewa kawai take yi. Har aka kai ta asibiti aka ce hawan jini ne, likita ya ja ni gefe ya ce a kiyaye mata mummunan labari na ba-zata, don irin nata faɗuwa ɗaya yake yi wa mutum.

A hutun ƙarshen waccan shekarar na je gida da littafin a jaka, don shi zan koyar in an koma. Ina zaune a rumfa ina dubawa, ita tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce, "Mi ke cikin wanga abu da kike ta murmushi ke kaɗai?" Inna ba ta yi boko ba, allo ma iyakarta abin salla. Na ce labari ne. Ta ce to in karanta ta ji, hannu ne ke aiki ba kunne ba.

Kwana shida muka yi muna karatu bayan azahar. Tun a rana ta biyu na gane abin da na ɗauko. Uwar da ke cikin littafin ita ma ba ta kama sunan ɗanta, ita ma daka take yi ranar da ya tafi, ba ta ko ɗaga kai ba. Da na karanta wurin, Inna ta ce, "Wagga ta san abin da take yi." Daga nan tambaya ta ɓarke. Shina cin abinci kuwa? Wa ke yi mai wanki? Da sanyi yat taho, shina da bargo? Matar da ta shekara ba ta tambayi ɗanta ba, ga ta tana tambayar ɗan wata har da bin diddigi. Na san da wa take, ita ma ta san na sani, ba wanda ya faɗa.

A rana ta shida muka iso babin ƙarshe. Na karanta har inda aka zura shi cikin rijiyar, ƙasa ta fara zubowa. Sai na ji ƙarar ɓarar gyaɗa ta tsaya. Na ɗaga kai na ga hannunta a cikin ƙwarya ba ya motsi, jijiyar gefen goshinta ta tashi tana harbawa. Ta ce, "Ya hita dai ko?"

Wallahi ban shirya ba. Maganar likita ce ta faɗo mini, na mai da idona kan takarda, bakina ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Na ce wasu Fulani sun zo shayar da shanu suka ji nishi, suka zura igiya suka jawo shi, ƙafarsa ta karye. Na ce sun tafi da shi rugarsu can nesa, suka yi masa ɗori, ya daɗe yana jinya ba hanyar aika saƙo. Na ce wata rana lokacin kaka, da la'asar, uwar tana sheƙar gero a ƙofar gida, sai ga mutum yana ɗingishi da sanda. Ba ta tashi ba, ba ta kama sunansa ba, ta dai ce wa ƙanwarsa ta kawo wa baƙo ruwa. Na rufe littafin.

Inna ta ce, "Ashe ƙahwa ce. Shi ya sa bai aiko ba." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ranar ta cinye tuwonta tas, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Na ɗauka shi ke nan. Ina! Hutu na zagayowa ta ce in ɗauko littafin. Na sake karantawa, na sake ƙirƙira, na ce ƙafar dama, sai ta tare ni: "Bara ƙahwar hagu kika ce." Na ce idona ne ya yi gaggawa. Mutumin da bai iya karatu ba kansa ne littafinsa, ba ya yar da ko kalma. Da na koma Kankia na zauna na rubuta ƙarshen nawa a takardar makaranta, na gyara shi yadda zai yi kama da harshen marubucin, na saka a bayan littafin. Shekara tara ina karanta shi. Maƙwabta suka fara zuwa saurare, matar ƙanena ta haddace wasu wuraren, har in an ga mai ɗingishi a unguwa sai a ce ga mai haƙar rijiya ya dawo. Mata kusan goma a Ƙofa sun san littafin nan ciki da waje, kuma dukansu ƙarshena suka sani. Ba wanda na taɓa gaya wa, ko mijina.

To, shi ne aka mai da shi fim.

Na yi fatan labarin ba zai kai Ƙofa ba, wanda wauta ce, don yanzu ba abin da ba ya kaiwa ko'ina. Asabar ɗin da na je, tun ban ajiye jaka ba matar ƙanena ta tare ni da murna. "Yaya, kin ji an yi fim ɗin littahinmu? Kashi huɗu ne aka ce, na hwarko ya hito." Na ce na ji, amma kallon waya yana ƙara lalata ido, ga Inna da yanar ido a gefe ɗaya. Na ce masu fim maƙaryata ne, za su ɓata mata labari. Na kawo dalili ya fi biyar. Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni dai ina son in ga huskarshi."

Dabarar da ta zo mini ita ce in zama ni ce mai kawowa. Na ce kada kowa ya wahalar da kansa, akwai shagon masu tura fim kusa da tasha a Kankia, duk kashin da ya fito zan sa a tura mini in taho da shi ranar Asabar mu kalla tare. Niyyata in riƙa kallo ni kaɗai tukuna. In na huɗu ya zo na ga sun bi littafi, sai in ce bai fito ba, ko an hana shi, ko ya ƙi buɗewa, har a manta.

Kashi na farko na kalle shi a ɗakin malamai lokacin hutun tara, na sa abin sauraro a kunne, ina kallo kamar a nan za a kashe shi. Sun yi ɓarnar da na saba zagi. Sun cire jakin gaba ɗaya. Sun ba shi budurwa, 'yar mai gari, da jan baki da gashin ido a shekarar fari. Minti ashirin ba a yi ba aka fara waƙa. Da a da ne da na yi jifa da wayar. Ranar kuwa wani sanyi na ji ya ratsa ni, na ce a raina mutanen da suka yi wannan ba za su iya kashe jarumi ba.

A Ƙofa aka jingina wayar a jikin turmi, aka shimfiɗa tabarma biyu, Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Da saurayin ya fito ta daɗe tana dubansa da idonta mai kyau. "Ya yi ƙiba," ta ce. "Wancan ba shi da wanga jiki." Ba wanda ya tambaye ta wane wancan.

Ashe na sami wadda ta fi ni tsanani, Inna. Ba abin da ya wuce ta. Ina jakin? Wa ya ce su sa mai agogo? A littafi rijiyar farko gaba goma sha biyu ce, nan ko tsayin mutum ba ta kai ba. Ni kuma ina taya ta, ina zuba faɗana na aji, mata na dariya suna cewa Malama ta hau. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar tafiya. Uwar fim ta fito da gudu ta rungume ɗanta a tsakiyar titi, tana kuka tana kiran sunansa. Inna ta ja baya ta kama haɓa. "Ɗan hwari? Gaban mutane? Wagga ba ta da kunya. Ba ita ba ce." Ta yini tana mita, har da magariba ina jin ta tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga.

Kashi na biyu da na uku suka zo a kan haka, kowane bayan mako biyu. Ƙarin waƙa, ƙarin ƙarya, har da wani mugun attajiri da babu shi a littafi. Kowace ƙarya suka yi sai in ji na sami ɗan numfashi. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara cewa amanar littafi ita ce a bar shi yadda mai shi ya bar shi, sai ga ni a sujada ina roƙon Allah ya sa waɗannan bayin nasa su ci amanar nan har ƙarshe. Ina jin kunyar addu'ar, amma ban fasa ba.

Duk da haka tsoron bai bar ni ba. A ƙarshen kashi na uku an nuna shi yana shiga wani ƙauye, wani tsoho yana nuna masa wuri yana cewa ƙasar nan rairayi ce, a yi hattara. Kalmomin tsohon na littafi ne, ba su canza ko ɗaya ba. Na mai da wurin baya na sake ji har sau uku. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ina cikin koyarwa sai in ga Inna ta kife a kan tabarma, bakinta ya karkace, kamar yadda na taɓa ganin wata gwaggonmu. In wayata ta yi ƙara na ga lambar gida, sai na yi salati kafin in ɗauka. Kullum in an tashi sai na biya shagon nan, har mai shagon ya fara zolayata. "Malama, ke da kike zaginmu a aji, yanzu kin fi 'yan mata ɗoki." Nakan yi yaƙe in wuce.

Akwai tsoro na biyu da ban cika son dubawa ba. Ko da jikinta ya ɗauka, za ta san cewa 'yarta ta zauna gabanta shekara tara, riƙe da takarda, tana duban rubutu tana faɗin abin da ba ya wurin. Inna tana girmama rubutu fiye da yadda mu masu karatu muke yi. In gardama ta tashi a gida, da ta ce "an rubuta" magana ta ƙare.

Ranar wata Laraba muna jarrabawar ƙarshen zango, ina tsaron aji, wayata na cikin jaka a ofis. Da aka karɓi takardu wajen ƙarfe biyu na duba na ga kira huɗu daga matar ƙanena. Na kira, ta ɗauka da fara'a. "Yaya, albishirinki! Na huɗu ya hito. Maigidan ya shiga Kusada ya iske ana turawa, ya sa aka tura muna. Inna ta ce ba ta iya jiran Assabar, mata sun taru, waya ce ke caji." Na ce kada su kalla, su jira ni, don Allah su jira ni. Ta ce, "Mi kika ce? Ba ni jin ki," layin ya yanke. Na sake kira bai shiga ba.

Ban nemi izinin kowa ba. Na zari kwalbar maganin Inna da na saya zan kai mata Asabar, na fita bakin titi na tare ɗan kabu-kabu. Damina ce, an yi ruwa da safe. Har Kusada da sauƙi, daga nan hanya ta zama taɓo, babur na zamewa, mai babur na cewa Hajiya ki riƙe da kyau, ni ina cewa ya ƙara wuta. Sau ɗaya muka faɗi a gefen wata gonar dawa, na tashi ban ko karkaɗe zane ba. A hanya ina ta lissafi: in caji bai yi ba, in sun tsaya sallar la'asar, in waƙoƙin sun yi yawa. Ban taɓa son waƙar fim ba sai ranar.

Tun daga zaure na ji muryar wayar. Na shiga na same su a rumfa, mata shida da Inna a gaba. Ana zura shi cikin rijiyar. Tsakanina da turmin nan taku huɗu ne, da na miƙa hannu da na ɗauke wayar, na ce wani abu, ko mene ne. Ban yi ba. Na tsaya jikin ginshiƙin rumfa da taɓo har gwiwa, ba wadda ta ko juyo.

Ƙasa ta fara zubowa. Ya ɗaga kai, hasken bakin rijiyar ya ragu, ya rufe. Mutanen ƙauye suka yi ta haƙa da hannu da fartanya. Wata maƙwabciyarmu ta gyara zama ta ce, "Yanzu Hillani za su taho." Matar ƙanena ta ce, "Ku saurara, za a ji kukan shanu." Aka nuna rana ta faɗi, aka nuna ta fito. Tsohon nan ya ɗaga hannu ya ce a bari haka. Suka cike ramin, suka jeru suka shafa fatiha. Sannan aka koma garinsu, aka nuna uwar tana sheƙar gero a ƙofar gida, ta ɗaga kai ta dubi hanya, ba kowa, ta ci gaba da sheƙa. Rubutu ya fara hawa.

Ba waƙa, ba budurwa, ba ƙari ko ɗaya. Mutanen da suka yi kashi uku suna ɓarna, a nan suka bi marubucin sawu da ƙafa. Da a aji ne da na ce wannan minti goman ya wanke su.

Rumfa ta kaure. "Sun ɓata shi!" "Ina Hillanin?" "Allah ya isa, sun kashe bawan Allah a banza!" Sai a lokacin suka gan ni. Maƙwabciyar ta ce, "Yawwa, ga Malama. Ai kin hwaɗa muna, ba su da aiki sai ɓata littahi. Ki gaya masu!" Ga ƙofa an buɗe mini har bango. In na ce haka ne, maƙaryata ne, kowa zai yarda, don shekaru na yi ina faɗin haka. Ban bi ta ƙofar ba. Inna nake kallo, jijiyar goshinta nake nema, hannuna na cikin jaka a kan kwalbar magani.

Ba ta faɗi ba. Ta kife wayar a kan tabarma, ta ce wa matan la'asar ta yi, su je su yi salla. Ta ce wa matar ƙanena ta je ta ɗora ruwa. Da muka rage mu biyu ta dube ni tun daga ɗankwali har taɓon ƙafata.

"Yau Laraba," ta ce.

Na ce eh.

"Da sunka cire jaki kin yi hwaɗa. Da sunka sa mai agogo kin yi hwaɗa. Yau sun kashe shi, ba ki ce komi ba. Su ne, ko ke?"

Na durƙusa a gabanta. Na so in fara da likita, da ramar da ta yi, da tuwon da ta cinye ranar. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ni ce, Inna."

"Haka aka rubuta? Yadda sunka nuna?"

"Haka aka rubuta."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na miƙa mata magani, ta ture hannuna ba da ƙarfi ba. Ta daɗe tana duban ƙofar gida. Sannan ta ce in ƙanena ya dawo in ce ya je wurin liman, jibi Juma'a a taru a yi addu'a, a jiƙa gero a yi gumba. Na ce addu'ar wa? Sai ta faɗi sunan Yaya. Cikakke, da na Baba a haɗe, yadda ake faɗa wa liman. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma ta faɗe shi a hankali kamar mai taka wurin da ba ta saba ba.

Nan ne tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi na hanya. Na ce, "Inna, ba wanda ya ce Yaya ya rasu. Ba mu sani ba. Wannan labari ne kawai, wani ne ya zauna ya ƙirƙira tun ba a haifi Yaya ba. Littafi ne, Inna."

Ta ce, "Da shina dawowa ba ki ce mani littahi ne ba."

Ta tashi ta ɗauki buta.

Ranar Juma'a aka yi. Liman ya ce shi ba zai ce wa wanda ba a tabbatar ba mamaci ba, amma addu'a tana isa ga mutum duk inda yake, a sama ko a ƙasa. Inna ta zauna a ɗaki mata na shigowa, kuma a karon farko ta bari aka yi mata gaisuwa, ta amsa, ta yi kuka a gaban mutane. Ni na daka gumbar. Matan unguwa ba su san abin da ya haɗa fim da wannan zama ba, har yau suna tsine wa masu fim, Inna kuma ba ta taɓa tona ni ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta canza mini fuska ba. In na zo Asabar tana tambayar yara, tana ajiye mini fura.

Bayan mako biyu na kawo ta asibiti a Kankia a duba jinin. Ina tsaye a kanta har aka cire abin awon daga hannunta. Ma'aikaciyar ta ce bai hau ba, yana nan inda yake, sai dai za a canza mata ƙwaya ɗaya. Ta rubuta yadda za a sha a 'yar takarda, ta miƙa wa Inna. Muka fito muka zauna a benci muna jiran layin karɓar magani. Na miƙa hannu in karɓi takardar in gaya mata abin da ke ciki. Ta riƙe abarta. Ta juya wajen wata mata da ke zaune a ɗaya gefenta, mai goyo, wadda ba mu taɓa gani ba.

"Baiwar Allah," ta ce, "kin iya karatu?"

Matar ta ce ta ɗan taɓa. Ta karɓa, ta fara haɗa baƙaƙen da kyar, tana tsayawa tana komawa baya. Inna ta karkata kunne tana saurare. Ni kuma na mai da hannuna kan cinyata, na jira ta gama.